Abin da Ban Faɗa wa Mai Girki Ba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar? Allah ya sa ɗorin ya kama. Takarda na zaɓa don maganar ba ta waya ba ce, gidan nan cike yake da kunnuwa.

Mun sami mai girkin liyafar auren Auta. Uwar ango ce ta kawo ta, aminiyarta ce tun ƙuruciya, kin ga ba ni da bakin cewa a'a. Ranar Talata muka je wurin aikinta. Tukwane a jere tsaf, mata shida na yanka albasa ba mai ɗaga kai. Ita kuwa ba ta rubuta komai. Mutum ɗari uku, shinkafa, naman kaza, miya iri biyu, duk ta ce sun shiga kanta. A bayan ƙofa na hango jarkokin man gyaɗa guda huɗu.

Kin san abin da gyaɗa ke yi wa Auta. Ke kika goya ta zuwa asibiti tana 'yar shekara biyar, leɓe a kumbure, numfashi da ƙyar. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna uwar ango ce ke zaune a gefena. An ce matar nan ita ta wargaza neman auren ɗanta na farko don yarinyar tana da asma. Sai kawai na ce Auta ba ta son man gyaɗa, a yi mata nata da wani man. Mai girki ta yi murmushi, ta ce wannan ai ba komai ba ne.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Maman Auta

*

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan jiki ya yi sauƙi. Takardarki ta iso, na sha faɗa har na ƙoshi. Kin ce in koma in faɗi gaskiya. Daga kan gado komai da sauƙi yake, Yaya. Shekara nawa na yi ni kaɗai da yarinyar nan tun rasuwar babanta? Ba zan ɓarar da ruwan ba ana gab da shiga gida.

Jiya na je ɗanɗana abincin, uwar ango ba ta samu zuwa ba. Gaskiya matar ta iya girki, sai da na suɗe cokali. Muna cikin ci ta ba ni labarin wani dattijo da ya rantse ba ya cin tafarnuwa. Ta daka ta lukui ta zuba masa, ya tashi da faranti biyu, sannan ta tona masa a gaban jama'a. Wai ita a wurinta ba a ƙin abinci, sai dai a ƙi hannun da ya dafa. Ma'aikatanta suka yi ta dariya, ni ma na yi. Daga nan ta dube ni, ta tambayi lafiyar amaryarta mai tsirfa.

Mu biyu ne a bakin mota da ta rako ni. Maganar ta zo min har maƙogwaro, na haɗiye, don abin da ya shiga kunnenta ya shiga na aminiyarta.

Da na dawo Auta ta tambaye ni ko na yi wa mai girki bayani. Na ce mata na yi. Ta rungume ni ta koma gwajin takalminta. Tun lokacin ban iya cin komai ba, tsoro nake ji, Yaya. Amma na yi dabara. Ranar liyafar zan dafa mata nata a gida, in kai a kula, in ajiye a gabanta da hannuna. Da zarar ta tare zan faɗa musu komai. Saura kwana tara.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Maman Auta

*

Yaya,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara sauƙi. Daga bencin asibiti nake rubuto miki, ki yi haƙuri da rubutun.

Jiya na isa ɗakin liyafar da kulata a hannu, baƙi suka tare ni a ƙofa da gaisuwa da hotuna. Ba su fi minti ashirin ba. Kafin in kai teburin amarya sai ga mai girki ta kamo hannuna, fuska cike da fara'a, ta raɗa min cewa in je in ga wadda ba ta son man gyaɗa ta kusa cinye farantinta. Ina ɗaga kai na ga Auta ta riƙe wuya.

Ango ne ya fara yin ihun gyaɗa, ya sungume ta ya yi waje. Ashe ya sani. A cikin mota uwarsa na kuka ta ce min Auta ta faɗa musu tun bara, ranar da ta fara cin abinci a gidansu, har ita uwar ta kwashe duk wata gyaɗa daga kicin ɗinta. Da ta ji na ce wa mai girki Auta ba ta so, ta ɗauka kunyar ma'aikata ce ta sa na sassauta, zan koma in yi bayani a keɓe. Maganar asma kuwa ta ce ƙarya ce aka yi mata. Duk ɓoyon da na yi, mutum ɗaya na ɓoye wa, ita ce kuma mai riƙe da ludayi.

Na'ura ke yi wa Auta numfashi. Likita ya ce mu jira, ba ya iya cewa komai tukuna. Mai girki na can ƙarshen bencin tun jiya, ba ta ko canza kayan aikinta ba. Kular na nan gefen ƙafata, ban buɗe ba.

Kafin idon Auta ya rufe ba mai girki ta kalla ba, Yaya. Ni ta kalla.

Ko a kujera ne a ɗauko ki, ki zo.

Ƙanwarki,
Maman Auta