Saki Ɗaya Saboda Askar Wanzami

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna, a duk inda kake.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ko da yake kai ka riga ka yanke wa kanka hukuncin cewa ba ka da ita.

Tun da ka bi motar hatsi zuwa kudu ka rufe layinka, amma na san kana leƙa shafin nan nawa. Shi ya sa na rubuto a nan. Ba zan kama sunanka ba, ba zan kama sunan matarka ba. Masu karantawa su karanta, wataƙila ma akwai irinka a cikinsu, amma da kai nake. Kuma raina a ɓace yake, kada ka tsammaci lallashi.

Matarka ta ga jini biyu tun da ka sake ta. Na uku yana iya zuwa yau, yana iya zuwa gobe, kuma da zarar ya zo iddarta ta cika, aurenku ya tafi. Kana can kana duba harshenka a madubi, gidanka yana nan yana rushewa.

Bari in tuna maka yadda abin ya faro, don na lura tsoro ya dagula maka tunani. Bayan kaka ne, ɗaukar buhunan dawa da gero ya riƙe maka baya. Ka je kasuwar Kuki sayen hatsi, ka ga wanzami a gindin bishiya maza sun yi layi ana musu ƙaho, ka tuɓe riga ka shiga. Wanda ke gabanka wani dillalin shanu ne. Aka tsaga masa baya, aka goge askar da tsumma, aka tsoma ta a ruwa, aka tsaga naka. Ka dawo Dutsin-Ma kana yabon aikin, har kana ce wa maigidana shi ma ya je.

Ba a daɗe ba wani mai dogon baki a majalisarku ya ce ai dillalin nan yana zuwa babban asibiti karɓar maganin ƙanjamau. Ya faɗa ya tashi abinsa ya tafi cin tuwo. Allah ya isa tsakanina da shi, ko gaskiya ya faɗa, domin ciwon mutum ba abin hira ba ne.

Sai zazzaɓi ya kama ka. Maƙogwaro ya yi ciwo, kaluluwa ta fito, 'yan ƙuraje suka feso maka a ƙirji. A lokacin da sauro ya kwantar da rabin unguwarku, kai naka zazzaɓin ya zama na musamman. Ka hau babur ka zo mini Kurfi, ka zauna a bakin tabarma kamar baƙo, na miƙa maka ruwa ka ƙi karɓar kofin. Ka sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, sannan ka faɗa mini abin da kake tsoro.

Ni na raka ka asibiti washegari, saboda haka kada ka ce mini ban san abin da aka ce ba. Da kunnena na ji. Ma'aikacin ya ɗiga jininka, muka jira, ya ce, "Yau ba mu ga komai ba. Amma idan cutar sabuwar shiga ce, gwajin nan bai cika ganinta da wuri ba. Ka dawo in an cika wata uku daga ranar da aka yi ƙahon, abin da ya nuna a lokacin shi ne magana." Ya ce ɗauka ta aska irin wannan da wuya ne, sai dai ba a cewa ba zai yiwu ba. Ya ce zazzaɓi da ƙuraje ba sa tabbatar da komai, cututtuka da yawa haka suke farawa. Ya kuma gaya maka yadda za ka kare iyalinka kafin lokacin ya cika. Ni yayarka ce, akwai abin da bakina ba zai maimaita ba, amma ka ji shi, don har sunkuyar da kai ka yi.

A ranar aka duba jinin aka ga zazzaɓin cizon sauro. Ka sha magani, ya sauka, ƙurajen suka bushe.

Duk bayanin nan da mutumin ya yi, abu ɗaya ka tsinta ka sa a aljihu: gwaji bai cika gani ba. Ba a yi mako ba ka je wani wuri aka sake gwadawa, babu. Ka je na uku, babu. Kowane "babu" sai ya ƙara maka tabbacin akwai. Ka kama waya kana karanta alamomi, duk wadda ka karanta kafin la'asar ka same ta a jikinka. Ka yi gumi a cikin shago mai rufin kwano da tsakar rana, ka ce alama ce. Ka daina cin abinci saboda fargaba, ka rame, ka ce ramar ma alama ce. Wallahi da ka karanta alamomin mai ciki da ka same su.

Da kanka kaɗai ka azabtar, da na yi maka uzuri. Amma ka ware kwanonka da kofinka, har da buta, alhali an gaya maka ba ta nan ake ɗauka ba. Ka koma kwana a shago. Ummi, 'yarka mai sunan mahaifiyarmu, ta rugo ta rungume maka ƙafa kamar yadda ta saba, ka janye ka ce ta je wajen uwarta. Yarinyar da ko magana ba ta gama iyawa ba ta tsaya tana kallonka.

Matarka ta yi kitso, ta yi lalle, ta sayi turare. Ta dafa maka dambu da zogale, abin da ba ka taɓa mayarwa ba, ka ce ka ƙoshi. Daga baya ta zo gidana, ta daɗe tana juya bakin mayafinta, sannan ta ce, "Yaya, don Allah ki gaya mini gaskiya, ko wani wari nake yi ne?" Ka san yadda na ji? Ina riƙe da amsar a bakina, rantsuwarka ta ɗaure ni. Na ce mata ta yi haƙuri, kasuwa ce ta dame ka.

Sai ka sake ta, saki ɗaya. Da na tare ka, cewa ka yi, "Gara ta tsane ni da in kashe ta." Har kana jin ka yi abin jarumta. To ni ban ga jarumta ba. Abin da na gani shi ne namijin da ya ga furta saki ya fi masa sauƙi a kan ya zaunar da matarsa ya ce mata an yi mini ƙaho da askar da ba a sauya ba, ina jin tsoro, mu jira tare. Kunya ka ji kada ta zaci neman mata kake. Ka kare mutuncinka, ka jefar da nata a titi.

Ka san abin da ake faɗa a Barkiya tun da ta koma gidansu? Ai ba a sakin mace mai ƙaramar yarinya haka kawai, dole akwai abin da ta yi. Wasu sun ce ƙazama ce, wasu sun ce bakinta ne, wasu sun faɗi abin da ba zan rubuta ba. Ta daina zuwa rijiya sai in ba kowa. Mahaifinta, dattijon da ya ba ka ita don ya yarda da gidanmu, ya aiko wa Kawu cewa idan idda ta cika ba ka mayar da ita ba, ko da sadakin raƙumi ka zo ba zai sake ɗaura maka aure da ita ba. Ka san Malam, ba ya magana biyu.

Shi kuwa dillalin da kake tsoron jininsa, an nuna mini shi ran kasuwa a nan Kurfi yana jan wani bijimi yana dariya, ya fi ka ƙiba nesa ba kusa ba. In har yana da cutar, to yana shan maganinsa, yana ciyar da iyalinsa, ba wanda ya saki. Na tambaya an ce mini mai shan magani a kan ƙa'ida cutar kwanciya take yi a jininsa. Ko da a ce abin da kake tsoro ya tabbata, kenan rayuwar da ke jiranka irin ta mutumin nan ce. Kai kuwa da ba a ma ga komai a jininka ba, ka yi wa kanka jana'iza.

Ina jin haushin wanzamin da ya kasa sayen sabuwar reza don kowane mutum. Ina jin haushin mazan da ke tuɓe riga a layi ba wanda ke tambaya. Amma su ba 'yan'uwana ba ne, kai ne ɗan'uwana, kai zan faɗa wa.

Yanzu saurara. Wata ukun nan sun cika, har sun ɗan gota. Lokacin da kake ta cewa gwaji ba ya gani ya wuce. Duk garin da kake akwai asibiti, kuma kafin ka gama shan shayi an gaya maka sakamako. Yanzu ba ka da hujjar da ta rage, sai tsoron jin amsa.

Kuma in sanar da kai, na karya rantsuwar. Makon jiya na je Barkiya na gaya wa matarka komai, na yi kaffarata, ban yi nadama ba. In za ka yi fushi ka yi, ka same ni a gida.

Ta saurare ni har na gama. Sai ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Abin da ta fara cewa shi ne, "Ashe ni ba abokiyar shawara ba ce, abokiyar tuwo ce kawai." Washegari ta goya Ummi, muka je aka gwada ta, ba a ga komai ba. Ba ta yi wani murna ba. A hanya ta ce, "Da ya gaya mini, ai da tare muka jira."

Ta ba ni saƙo, kuma saƙon ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ta san addini ya ba ka damar mayar da ita kafin idda ta cika, ko ba ka tambaye ta ba. Amma ta ce idan sai ka ga sakamako mai kyau sannan za ka mayar da ita, ka bar shi, ba ta so. Ta ce ka mayar da ita tun ba ka sani ba, sannan a je a gwada. In babu, a gode wa Allah. In akwai, ita za ta riƙa tuna maka lokacin shan magani. Ka ji matar da ka saka.

Ba sai ka dawo yau ba, ba sai ka taɓa ta ba. Ka buɗe wayar nan, ka kira Kawu, ya samu mutum biyu su shaida, ka ce na mayar da matata. Bakin da ya iya furta saki ba zai gagara furta wannan ba.

Auta, ni na goya ka lokacin da Inna ke fama da ciwon da ya ɗauke ta. Na san kai matsoraci ne tun kana ƙarami. Ranar da masu rigakafi suka zo unguwa, a cikin rumbu aka same ka, ka fito duk ƙaiƙayi kana kuka. Ban taɓa raina ka don tsoro ba, kuma yanzu ma ba tsoron ne ya ɓata mini rai ba. Na san ka sha wahala a watannin nan, kai kaɗai a garin da ba ka da kowa, kana sauraron jikinka kana jiran mutuwa. In na tuna haka sai fushin ya sauka, in ji kamar in zo in kamo hannunka. In kana so in raka ka asibitin kamar wancan karo, ka dawo, zan raka ka, kuma duk abin da aka ce a kofina za ka sha ruwa.

Allah ya sa a ga jininka lafiya lau. In kuma ya ƙaddara akasin haka, Allah ya ba ka ƙarfin karɓa da tsawon rai a kan magani. Allah ya cire maka wannan tsoro, ya saka wa yarinyar nan da alheri bisa haƙurin da ta yi da kai, ya raya Ummi a tsakanin uwa da uba. Allah ya ji ƙan Inna. Amin.

Ka san mace in jini ya zo sai ta ajiye salla. Ɗazu na kira matarka a Barkiya, ta ce mini ta yi azahar. Ban sani ba ko za ta yi la'asar.

Wassalam.

Yayarka,
ta Kurfi.