Ban Sauya Gida Ba

Yaya Mubina,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kada ku damu. Ina ci ina sha, ɗanɗanon ne kawai ba na ji.

Har yanzu ina jinyar Mista Odell, tsohon nan baƙar fata na unguwar Glenwood, nan ƙasar Turawa. Ba ya gani, don haka nake karanta masa littafin labari da hantsi. Na makon nan kan wani Bature ne da ya doki baƙar fata a gidan abincinsa. Bayan an soke dokar wariyar launin fata, Baturen ya bi shi har gida neman gafara. Ina kaiwa nan tsohon ya shafa tabon goshinsa ya ce, "Rufe, Ilham. A littafi kullum suna zuwa. Ni shekara sittin ban sauya gida ba."

Na rufe. Ban ji komai ba, Yaya. Na je na ɗumama masa miya.

In Alhaji Dabo ɗan garinmu zai dawo nan, ki aiko min da daddawa ta hannunsa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Maƙwabcin nan da ya nuna gidanmu ranar rikici, har yanzu yana gaida Inna a hanya? Tana amsawa?

Ƙanwarki,
Ilham