Hannun Baba Mai Hatimi

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Na san ba kya shan maganin sai ta motsa, don haka ba zan ɓata tawadata wajen yi miki faɗa ba. Mu nan lafiya lau, maman yara na gaishe ki.

Na san za ki yi dariya ki ce yau kuma Auta ya koma rubuta wasiƙa kamar ɗan makarantar kwana. Dalili ne ya sa. Kwanan nan wayata ta koyi wani sabon hali. Ina magana sai in ji muryata tana dawo mini, wani lokaci kuma a kira a yi shiru, ina jin numfashin mutum. Wataƙila laifin layi ne. Amma direban da ya kawo miki wannan takarda na san shi, kuma abin da zan faɗa miki ba na waya ba ne.

Na gama fim ɗin da ya hana ni zuwa duba ki wata huɗu. A kan wani kamfanin magani ne, masu sayo maganin zazzaɓin yara wanda wa'adinsa ya ƙare, su goge kwanan watan da ke jikin kwalba su buga sabo. Shekarata ashirin da shida ina saɓe da kyamara, har kafaɗata ta dama ta gangara ta bar ta hagu. Na ɗauki ambaliya, na ɗauki gobarar kasuwa, amma ban taɓa yin aikin da ya hana ni cin abinci irin wannan ba. Na shiga ɗakin yara a asibiti, Yaya. Bari dai in bar wannan.

Mutum uku cikin ma'aikatan suka yarda suka yi magana. Biyu masu lodi ne. Na ukun wani dattijo ne da ake ce wa Baba mai hatimi, shi ke zaune a kan injin buga kwanan wata shekara goma sha tara. Ya ce mini ranar da ya ga kwalbar da ya buga da hannunsa a kan tagar maƙwabciyarsa, ga jaririnta a kwance, ranar ya ji ba zai iya ci gaba da shiru ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a gane shi. Ya ce, "Ɗana, ni ban san kan abin nan naku ba. Na ba ka amanar kaina."

Na kuwa riƙe amana iya sanina. Na rataya baƙin zane a bango, na ba shi rigata ya sa, na sa ya cire agogonsa. Da muka zo haɗa fim muka dusashe fuskarsa, muka canza muryarsa har ta koma kamar ta mai magana a cikin randa.

Sai dai kin san cutata. Tun fim ɗin da na yi a kan ungozomomi ake tsokanata a wurin aiki, wai idan aka ba ni ɗaukar biki, yatsunsa kawai ango zai gani. Muna cikin hira Baba ya ɗauki kwalba da auduga yana nuna mini yadda ake goge tsohon kwanan wata. Ban san lokacin da na durƙusa na matso da kyamara ba. Hasken taga ya sauka a kan hannun nan, tawada shuɗiya ta shige duk tsagar fatarsa, ɗan yatsansa na tsakiya a karkace inda inji ya taɓa kama shi. Sakan goma sha ɗaya ne, kuma ban taɓa ɗaukar abin da ya kai shi kyau ba.

Mai haɗa mana fim, wanda muke ce wa Almakashi don ba abin da ke masa daɗi kamar yanke aikin mutane, ya tsayar da hoton a allo ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Maigida, a cire wannan. Yatsan nan ai fuska ne." Na hau shi da faɗa. Na ce ma'aikata sun fi ɗari uku a kamfanin, wa zai zauna ƙirga yatsu? Na ce in ya yanke, to ya yanke har da sunana. Ya ɗaga kafaɗa ya bar shi.

Ranar Asabar za a nuna a talabijin. Ki tara yaran ku kalla, ki ga ƙaninki bai tsufa a banza ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Alhamis

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya. Na ga amsarki, na kuma ga inda kika ce hannun dattijon nan ya sa ki kuka. Kowa haka yake faɗa mini. Da farko kaina ya kumbura, har maman yara ta ce sai an faɗaɗa ƙofar gida. Yanzu duk wanda ya yabi wurin sai in canza magana.

An rufe kamfanin kwana biyu, motocin hukuma suka zo suka yi ta ɗaukar kwalaye. A rana ta uku aka buɗe, kamar ba a yi komai ba.

Jiya da azahar na haɗu da Baba a bayan tashar mota, a benci wajen mai gyaran takalmi, inda muka saba haɗuwa. Ya ba ni labari yana murmushi, irin murmushin da ake yi wa yaro don kada ya tsorata. Wai ranar da aka buɗe, manaja ya sa aka jera ma'aikata duka a ɗakin cin abinci, ya ce hukuma ta yi ƙorafin tsafta, za a duba farce. Aka ajiye dogon tebur, kowa ya zo ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kai. Manajan da kansa yake bi, tare da wasu mutum biyu da ba wanda ya san su a kamfanin. Da suka zo kan Baba, manaja ya riƙe hannunsa ya juya shi, ya shafa karkataccen yatsan, ya tambaye shi ko har yanzu yana masa ciwo in an yi sanyi. Ba faɗa, ba zagi. Har kujera ya sa aka kawo masa, ya ce dattijo bai kamata ya daɗe a tsaye ba.

Yaya, da zaginsa aka yi, da na fi samun natsuwa.

Na ce masa ya bar aikin, ya tafi ƙauye ko ya zo gidana. Ya ce in ya gudu yanzu ya tabbatar musu ke nan, kuma yana da 'ya da jikoki biyu a gabansa. Na buɗe baki in ce masa laifina ne, an gargaɗe ni na ƙi ji. Sai ya riga ni. Shi ne ma yake ba ni haƙuri, wai ya manta bai ce mini in ɓoye hannun ba. Muka yi alkawarin haɗuwa ranar Litinin a wurin.

Na gaya wa Almakashi abin da ya faru. Gara ya zage ni in huta. Shayi kawai yake haɗa mini ya ajiye, ya koma kan kujerarsa.

Ki sa dattijon nan a addu'a. Ki gaida maigidan.

Naki,
Auta


Ranar Laraba

Yayata,

Gaisuwa a gurguje, ina fata kuna lafiya. Wannan takarda a hannun maman yara za ki karɓe ta. Na ce mata hutu za su zo yi, ke ma haka za ki ce wa maƙwabta. Ƙaramin yana tari, maganinsa na cikin jaka, na duba kwanan watan sau uku, ko da yake yanzu na san abin da dubawar take nufi.

Baba bai zo ranar Litinin ba. Na zauna a bencin nan tun azahar har mai gyaran takalmi ya tattara kayansa. Wayarsa a kashe.

Jiya da hantsi wasu mutum biyu suka shigo ofishinmu, sanye da kaya masu tsafta, suka gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Suka ce lauyoyi ne suka turo su, suna son ganin ainihin abin da aka ɗauka kafin a dusashe fuska, don a wanke ma'aikatan da ake zargi a banza. Babban cikinsu ya ɗauki kyamarata daga kan tebur ya auna nauyinta a hannu, ya ce ashe abin da nauyi, dole kafaɗa ta gaji. Ya tambayi lafiyar yarana, ya kuma faɗi sunan makarantarsu daidai. Na ce musu sai shugaban tashar talabijin ɗinmu ya dawo. Suka ce ba gaggawa, za su dawo.

Suna fita na kulle ƙofa. A cikin katunan kyamarar nan akwai fuskar Baba, akwai fuskokin masu lodin nan biyu, tar kamar a madubi. Ɗaya na riga na cuce shi, ba zan ƙara da biyu ba. Na goge duk abin da ke cikin kwamfuta, na goge na ajiya, na ɗauko filaya na kakkarya katunan nan huɗu na zuba a magudanar ruwa. A aikinmu ba a lalata ainihin abin da aka ɗauka, ina da na shekara ashirin a kwali a gida. Amma waɗannan ban bar ko ɗaya ba. Almakashi yana tsaye yana kallona, ya ce wannan karon na yi daidai.

Akwai wata farar mota da ke tsayawa a bakin layinmu tun shekaranjiya, mutum ɗaya a ciki yana karanta jarida. Kada ki gaya wa maman yara.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan, da fatan yaran ba su cika miki kunne ba. Na ji tarin ya yi sauƙi, na gode Allah, na gode miki. Kada ki damu da ni, ina cin abinci. Motar tana nan, har na fara sabawa da ita.

Yau kwana tara ke nan ba a ga Baba ba. Ya fita aiki da safe ranar Juma'ar waccan, kamfani ya ce bai iso ba.

Jiya 'yarsa ta zo ofis. Ban taɓa ganinta ba, amma tana shigowa na gane ta, goshinsa ne sak. Mai sanyin magana ce, malamar firamare. Na yi zaton ta zo ta tsine mini, har na gyara zama don in karɓa, domin na cancanta. Sai ta ciro wata takarda daga jaka. Ta ce ta je wajen 'yan sanda, ta je asibitoci uku, ta je har inda ake ajiye gawa, ko'ina abu ɗaya ake tambayarta, hoto. Ba a buɗe takardar cigiya sai da hoto.

Ta ce, "Baba ba ya tsayawa a ɗauke shi. In aka ɗaga waya sai ya juya ƙeya. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na katin aiki, kuma yana wuyansa ya fita. Kamfani sun ce fayil ɗinsa ya ɓace. Amma ya gaya mini ya zauna gabanka awa biyu. Guda ɗaya kawai nake so, Malam, inda fuskarsa ta fito."

Yaya, awa biyu da minti goma na ɗauke shi. Na ɗauke shi yana dariya, na ɗauke shi yana share ido da gefen rigata. Ban taɓa haska fuskar mutum da kyau kamar yadda na haska tasa ba. Kwana huɗu kacal tsakanin filayar nan da zuwan yarinyar.

Na gaya mata gaskiya duka, har da gargaɗin da aka yi mini da amsar da na bayar. Ba ta ɗaga murya ba. Ni da Almakashi muka juye ofis, muka buɗe kowace kwamfuta, ya kira wani da ya iya dawo da abin da aka goge. Mutumin ya duba ya ce wanda ya yi wannan gogewa ya san aikinsa.

Sai ta ce a nuna mata fim ɗin, don ba ta iya kallonsa ba ranar da aka nuna. Muka zaunar da ita gaban allo. Ga mahaifinta cikin rigata, fuska kamar an shafa toka a gilashi, murya ba tasa ba. Tana kallo kamar ba ta san mutumin ba. Da aka zo wurin kwalba da auduga ta ɗaga hannu ta ce a tsaya. Almakashi ya tsayar. Ta matso har numfashinta yana taɓa allon, ta daɗe a haka.

Ta ce, "A buga mini wannan. Tun da su da hannun nan suka gane shi, wani ma zai gane shi."

Na buga mata guda ɗari biyu, ta rubuta lambar wayarta a ƙasa. Yau da safe na raka ta muna mannawa, a tashar mota, a ƙofar asibiti, a jikin turakun lantarki. Mutane na tsayawa suna kallo. Wani mai wucewa ya daɗe a gaban ɗaya, ya juyo ya ce mini wanda ya ɗauki hoton nan gwani ne.

Gobe za mu bi unguwannin bayan kamfanin. In kika ji shiru daga gare ni kwana biyu, kada ki bar yaran su dawo, ko maman tasu ta matsa. Ki yafe mini nauyin da na ɗora miki.

Wassalam.

Ƙaninki,
Auta