Ba Gwaten Lai'atu Ba Ne

Glasgow, 9 ga Maris, 1978

Inna,

Gaisuwa da ban girma. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da ƙanwata Hasiya da mutanen Gada Biyu? Ni lafiya lau. Wanda ya tashi a Jos ai ba ya kukan sanyi, tarin da ya kama ni ma ya kusa sakina.

Albishirinki, Inna! Na ci jarrabawar aikin likita, kuma a kan ciwon Hasiya na yi aikina. Kin tuna lokacin da fuskarta ta kumbura, fitsarinta ya koma kamar shayi, aka ce maƙwabciyarmu Lai'atu ce ta zuba mata wani abu a gwate? Wallahi ba ita ba ce. Ƙazwar nan ce da Hasiya ta sosa har ta yi ruwa. Ƙwayoyin cuta suka shiga, dakarun kare jiki da ke jininta suka cukume su, jini ya kwashe su duka zuwa ƙoda. Ita ƙoda tana da rariya mai laushi. A nan suka maƙale suna ta faɗa har rariyar ta yage, jini ya riƙa zubowa cikin fitsarinta. Na ga irinsa da idona a madubin likita, malamaina ma sun gamsu.

Don Allah a aiko min da kuka da daddawa. Amma babban roƙona, ki tsallaka gidan Lai'atu da takardar nan, Hasiya ta karanta mata. Shekara tara ke nan tana gaishe ki ta katanga ba kya amsawa. In na dawo, gwatenta zan fara sha.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Haladu