Mijina ya ce kwalejin jirgin ruwa ta ƙarti ce zalla

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Komai ya sauya mini ne ranar da kwalejin koyon aikin jirgin ruwa, inda mijina yake karatu, ta gayyaci iyalan ɗalibai ziyara.

Tun kafin aurenmu nake kiransa Kyaftin. Ni mayyar littattafan soyayya ce, ko a motar haya karatu nake, direba na faɗawa ramuka ina juya shafi. Na riga na gama zana rayuwarmu a raina: shi cikin fararen kaya a saman jirgi, ni a bakin gaɓa ina ɗaga masa hannu, iska na kaɗa mayafina. Da na taɓa cewa ina son ganin makarantar, sai ya ce wurin ƙarti ne zalla, mace ko warin man inji ba za ta iya jurewa ba. Na yarda, har ina yi wa ƙawayena fankama.

Ranar ziyarar na ci kwalliya, ina jiran ganin dogayen samari irin na bangon littafi. Wadda ta tarbe mu a ƙofa wata dattijuwa ce mai furfura, tsohuwar nas, cikin kayan aiki duk maiƙo, kowa na ce mata Inna. Ajinsu ɗaya da mijina! Ga wata mai 'yan biyu da ta bar su wajen ƙanwarta ta zo koyon gyaran inji. Ga ɗan makiyaya da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba sai da ya zo nan. Akwai tsohon tela, akwai wani baƙo da ba ya jin yaren kowa sosai, da hannu suke ƙarasa hira suna ta ƙyaƙyatawa. Matan ajin ba su kai rabi ba, amma ba yadda za a yi mutum ya ce bai gan su ba. Na juya na kalli Kyaftin, sai ya duƙa yana gyara igiyar takalmi.

Daga nan aka kai mu wani ɗaki da aka gina kamar wajen tuƙin jirgi, tagoginsa duk allon talabijin ne. Malaminsu ya kunna hadari a allunan. Ɗakin fa ko motsi ba ya yi, hoton teku ne kawai ke hawa da sauka. Kafin in ankara gumi ya karyo wa Kyaftin, ya dafa bango. Inna ta miƙo masa bokitin amai ko juyowa ba ta yi ba. Ashe bokitin ma nasa ne, har da jan zare a hannun bokitin don kada a sauya. Sai malamin ya nemi wanda zai gwada riƙe sitiyari cikin baƙi. Na riƙe. Anti, ko jiri ban ji ba. Na ratsa igiyar ruwan nan har bakin tasha, mai 'yan biyu na yi mini tafi, mijina na can a kusurwa rungume da abinsa.

Tun ranar littattafaina suka zama lami. Da na gaya masa ina son shiga kwalejin, sai ya ce ina so a maishe shi abin tsokana har ya gama karatu. Surukata kuma ta ce gidan da mata da miji duk suke teku, kyankyasai ne za su gaje shi. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu, ni kuwa ina son mijina. Yaya zan yi in shawo kansa? Don ni dai na riga na yanke: da an buɗe ɗaukar sababbin ɗalibai, zan shiga.

Taki, Amaryar Kyaftin

Amsa:

Ƙanwata, na yi dariya har na share hawaye, amma zauna mu yi magana ta gaskiya.

Mijinki ya yi miki ƙarya, ba na wanke shi. Sai dai ina jin ba raina mata ne ya sa shi ba, ɓoye rauninsa yake yi. Kin naɗa masa sarautar da bai kai ba tukuna, shi kuma yana tsoron ranar da za ki ga gaskiya. Ki lura da abu guda: mutumin da yake amai a ɗakin nan, gobe ya sake komawa, ba rago ba ne. Ki gaya masa haka da bakinki, ki kuma daina ba ƙawayenki labarin bokitin, don na san kina bayarwa.

Ke ma da naki. Tekun da kika ratsa na talabijin ne. Na gaske yana da sanyi da tsatsa, da watanni ba tare da ganin gida ba, ga lissafi mai ɗaure kai kafin a bar mutum ya taɓa sitiyari. Kin iya iyo? Ki fara da wannan. Ki hau ƙaramin jirgi ranar da ruwa ke tashi, ki ji abin da cikinki zai ce. Ki nemi Inna da mai 'yan biyun, su gaya miki abin da suka sadaukar kafin su tsaya inda kika gan su. Tambayar surukarki ma tana kan hanya, ko da ta yi ta da gatse: wa zai riƙe gida, musamman in haihuwa ta zo? Ku amsa ta ku biyu tun yanzu.

In bayan haka zuciyarki na nan, ban ga dalilin hana ki ba. Makarantar da ta karɓi tela da nas da makiyayi ba za ta rasa kujerar amarya ba. Amma kada ya tsinci labarin a bakin abokan ajinsa. Ki zaunar da shi cikin daɗin rai, ki nemi amincewarsa, ki roƙe shi ya zama malaminki na gida, tunda ya riga ki shiga. Namijin da aka ce ya koyar ba ya tuna cewa an fi shi ƙarfin ciki. Ki kuma dinga dafa masa shayin citta kafin ya fita, yana rage tashin zuciya.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ku sa'ar karatu ku duka biyun.