Mama Biyu a Kalma Ɗaya

Kaka, don Allah ki taimake ni, bakina ya yi nauyi.

Ɗalibar likitanci ce ni. A zangon nan aka kai mu ɓangaren tiyata, ana koya mana sankarar mama: waɗanda suka fi haɗarin kamuwa, yadda ake shafawa da tafin yatsu har hammata, da yadda fata ke komawa kamar ɓawon lemo. To ni mahaifiyata Mama nake ce mata. Duk sanda malaminmu ya ce “mama”, sai ajin ya dushe, in tsinci kaina a ɗakin ɗinkinta, hasken taga na sauka kan ƙyallaye, kekenta na ta sururu.

Ranar hutu ta ce in zuge mata zif ɗin wata riga da take gwadawa. A madubi na ga ɓawon lemon nan a gefen hagu, kan nonon ya shige ciki. Ta ja mayafi, wai ƙaiƙayi ne, tana shafa mai. Yayarta wannan ciwon ne ajalinta. Ni kuwa, Kaka, zif kawai na ja.

Tun ranar, ko a aji na lumshe ido sai in ga itatuwa na tsirowa tsakanin ƙyallayenta, tana ɗinki a tsakiyar daji, ina kira ba ta ji. Gani nake in na ambaci ciwon daji, ni na kira shi. In kuma ba shi ba ne, na tayar mata da hankali a banza.

Taki,
Mai jan zif

Jikata,

Na san ɗaliban likita. Akwai wanda ya taɓa duba ni ina hamma ya samo mini cuta uku, ga ni nan har yau ina cin abincina. Saboda haka tsoronki na yin kuskure yana da tushe, ba kowane ƙulli ne daji ba.

Amma abin da kika gani, ga kuma labarin yayarta, ba na shafa mai ba ne. Kuma suna ba ya kawo ciwo. Da yana kawowa, da malaminku ya daɗe da kwanciya.

Kin ɗora wa kanki aikin da ba naki ba. Ba ke za ki yanke hukunci ba, hoto da ɗan naman da za a ɗiba da allura su za su faɗa. Naki ki kai ta, cikin makon nan, ki kuma gaya wa likitan batun yayar, don ya shafe ki ke ma. In shi ne, akwai tiyata, akwai magani, kuma wadda ta zo da wuri ta fi samun sauƙi.

Ki bar turancin aji a bakin ƙofa. Tela ce. Ki zauna kusa da keken, ki tambaye ta me take faɗa wa mai ɓaraka da ya ƙi kawo riga sai da ta yage har ƙasa. Za ta gane. Ina zaton ma ta riga ki ganewa: macen da ta shekara tana zuge zif ɗinta da kanta, ba a banza ta kira likitar gida gaban madubi ba.

Tashi daga mafarkin nan, ki je ta ji kiranki. Allah Ya ba Mama lafiya.

Kakarki