Kwalekwalen Kanta a Bayan Motar Rakiya

Madarumfa, ranar Talata

Zuwa ga uwargidana, Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kewa mai yawa. Yaya Yamai, yaya karatun horon da lakkwal, wato makarantarku, ta tura ki? Allah ya sa ciwon kan nan ya sake ki. 'Yarmu Firdausi lafiya lau, ta ce in tuna miki da takalmanta.

Kafin ki ji a bakin wani, Inna tana gidanmu tun shekaranjiya, tana cin tuwo, tana faɗa da kowa. Ki kwantar da hankalinki ki karanta sauran.

Ran Asabar gulbi ya cika ya zagaye ƙauyenku na bayan Safo. Ƙanenki Sani ya kira ni ya ce ruwa ya kai ƙirji a mashigi, Inna kuma kwana uku ke nan ba maganin hawan jini, ƙafafunta sun kumbura. Babu jirgi ko ɗaya a wajen. Na je bakin tabki wurin Kanta masunci, mai ƙaramin kwalekwalen nan da yake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura. Ya yarda nan take. Saura abin da zai ja shi.

Rakiya, na ɗauki makullin motarki. Na san abin da kika faɗa ranar tafiyarki, cewa kada in taɓa ta, ban manta ba.

Mun ari remok, tirelar nan mai taya biyu, wurin maƙeri, ya haɗa mana ƙugiya a bayan motar, ya ƙara sarƙa don ko ƙugiyar ta zame. Kanta ya kwance sandar ƙyallen ya kwantar, muka ɗaure jirgin gaba da baya, nauyin ya ɗan rinjaya wajen mota don kada wutsiya ta yi ta lilo. Jan ɗankwalinki na ɗaura a ƙarshen sandar domin na baya su gani.

A gudron, kan kwalta, ban wuce gudun keke ba. Sau huɗu na tsaya na taɓa igiya da tayoyi. Da muka sauka hanyar ƙasa, a wata gangara mai laka na taka birki, remok ya ƙi tsayawa, ya tura mu gefe. Ƙugiyar ta fita. Sarƙar ce ta riƙe jirgin, amma ta tafi da ƙarfen bayan motar da fitila ɗaya. Muka sake ɗaurewa muka ci gaba.

Kanta ya haye da jirgin, ni na tsaya a gaɓa. Sai bayan la'asar na hango ƙyallen yana dawowa, Inna zaune a tsakiya riƙe da akuyarta, don ta rantse ba ta shiga sai da ita. Akuyar a kujerar baya ta zo gida. Na wanke kujerar sau biyu.

Likita ya duba Inna, ya ce da an ƙara kwana biyu da zancen ya sha bamban.

Jirgin yana can har yanzu, Kanta yana ta fito da mutane. Jiya ya ce mini sun kai arba'in. Ran Juma'a yake so a dawo masa da shi tabki, kuma ba wata mota da ke da ƙugiya sai taki. Wannan karon ba zan taɓa makullin ba sai na ji daga gare ki.

Ki gaida Hauwa mai masaukinki. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Naki, mijinki,
Ɗanladi